Hoton da na sauke daga bango

Ɗana Habibu,

Ina gaisuwa. Yaya jiki, yaya iyali, yaya karatu? Mu nan Riyad lafiya lau.

Hoton da ka aiko daga Charleston ta Amurka na rataye a falo, ina ta nuna wa baƙi. Ran Juma'a wani likita ya dube shi, ya ce, "Alhaji, ai a ginin nan aka riƙa gwanjon bayi a ƙarni na sha tara." Kai kuwa ga ka a ƙofar, kana washe baki kamar ango! Shekara uku a garin, ko tambaya ba ka yi ba?

Na sauke shi. Ka koma ka yi wa mutanen nan fatiha kafin ka sake hawa bangona.

Ka gaida Hajara, ku sa mu a addu'a.

Baffanka,
Lawal