Kofunan Bakin Ƙofa

Litinin, 3 ga Maris
Wai noma. Na baro gonar ubana na zo ina noman abin da ba a ci, cikin abin da ba ƙasa ba. Furen wardi a buhunan dusar ɓawon kwakwa, jere a rumfar leda, taki a narke yana bin siririn tiyo. Ni ɗaukar buhu. Kawu kuwa awo: ya tari ruwan da ya tsiyayo daga buhu a kofi, ya tsoma mita, ya ga ko gishirin taki ya taru. Aikin da na nema aka ba shi. Ba kawuna ba ne, haka kowa ke kiransa.

Alhamis, 6 ga Maris
Gefen ganye ya fara ƙonewa a layukan tsakiya. Na gaya wa Kawu. Ya ce, "Dogo, mita ba ta ƙarya. Kai dai ji da buhunka." To.

Asabar, 8 ga Maris
Na gani da idona. A buhunan bakin ƙofa kaɗai yake tarar ruwa. Can ga iska ga inuwa, ina awo zai nuna matsala? Tsakiya, inda zafi ke shanye ruwa ya bar gishiri, ko takawa ba ya yi. Gwiwarsa ce. Sai ya dafa ƙarfe yake iya miƙewa.
In aka sallame shi takardar zamansa a ƙasar nan ta mutu, gadon da yake kwana ma na kamfani ne. 'Ya'yansa mata na makaranta can gida. Ni ma ai ina da nawa.

Talata, 11 ga Maris
Uwar yara ta kira. Na ce komai lafiya.

Laraba, 12 ga Maris
Na same shi shi kaɗai, na ce Kawu ba ni kofunan in shiga maka tsakiya. Ya harare ni. "Kujerata kake so, fito fili. Tun kana goye nake aikin fure." Rabin maganarsa gaskiya ce, shi ya sa ta yi mini zafi. Na tafi na bar shi.

Juma'a, 14 ga Maris
Mai saye ya dawo da yankan jiya. Kawunan furen ƙanana, wuya a lanƙwashe. Manaja ta farke buhu ɗaya a tsakiya, saiwa ta yi baƙi. Ta juyo ta tambaye ni a ina Kawu ke tarar ruwansa. Na faɗa. Ban ƙara ba, ban rage ba. Yana tsaye a wurin, riƙe da hularsa. Bai dube ni ba.

Asabar, 15 ga Maris
An miƙa mini mita. Kawu kuma za a sallame shi ƙarshen wata. Wuni muka yi muna wanke buhuna da ruwa zalla, ko wasu za su farfaɗo.
Gadonsa na ƙasan nawa. Ina jin sa yana juyi. Ban yi ƙarya ba, wa zai ce na yi ƙarya?

Talata, 18 ga Maris
Na ce wa Manaja lambobin mita suna rikita ni, ina bukatar mai karanta mini. Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Zuwa ƙarshen kakar yanka kawai. Kuma buhunan kai za ka ci gaba da ɗauka." Ga ni da aiki biyu, bayana kamar zai ɓalle. Don furen na yi, kada a sake asara.
Na shiga tsakiya na taro ruwa, na jera wa Kawu a tebur. Ya ɗaga kofi ɗaya ya haska. "Dogo, wannan ba ka ɗauraye shi ba."
Ko sannu. Na koma na ɗauraye.