Mai Gadin da ke Wuyan Jikana

Zuwa ga ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya fama da injinan kamfani? Mu nan sai godiyar Allah.

Albishirinka! Matarka ta sauka, an samu namiji. Da hannuna nake rubuta maka, ban roƙi kowa ba. Yau na ci ribar zaman bencin makarantar yamma da furfura a kaina. Yaron ya yi gaggawa, bakwaini ne, tafin hannuna biyu sun ɗauke shi. Amma kunnuwan naka ne sak, Allah ya ba shi wuyan ɗauka. Mahaifiyarka tuni ta sallame ni, wai ta samu sabon maigida marar mita.

An ɗan riƙe su a asibiti, yanzu suna gida. Ban taɓa ganin jariri mai haƙurinsa ba. Kwanan nan ko kuka ba ya yi, sai barci, nono ma sai an tashe shi. Na faɗa wa maƙwabta wannan bai gado ka ba, kai da ka hana unguwa sakat.

Direban motar manku zai kawo maka wannan, tunda waya ba ta kamawa a wurinku.

Ka huta lafiya,
Babanka

*

Zuwa ga ɗana,

Ina gaishe ka, da fatan jikinka lafiya. Daga barandar asibiti nake rubutu, takarda a kan gwiwa, ka yi haƙuri da karkatar layi.

Abin da na kira haƙuri ashe ciwo ne. Yaron yana kan cinyata ina nuna wa tela maƙwabcinmu kunnuwansa, sai na ga leɓɓansa sun yi duhu, ƙirjinsa ya tsaya cik. Matarka ta fizge shi ta murza bayansa, sannan ya ja numfashi kamar wanda aka tsamo daga ruwa.

Likitar da ta duba shi a nan asibiti ta ce ƙwayoyin cuta ne suka shiga jininsa. Da na ce ban gane haɗin wannan da numfashi ba, sai ta ɗora yatsana a gefen wuyana, inda jijiya ke harbawa. Wai a nan kowane mutum yana da wani ɗan abu, a babba ma bai fi ƙwayar hatsi ba, aikinsa ɗanɗana jini. Idan iska ta yi ƙaranci sai ya aika wa ƙwaƙwalwa a ja numfashi. To idan jiki ya shiga yaƙi da cuta, sojojin jini suna sakin wasu sinadarai na kiran juna, ta ce sunansu saitokin. Su ne ke isa ƙwaƙwalwa su sa mai zazzaɓi kasala da ƙin abinci. A jikin bakwaini kuwa suna iya ruɗa ɗan abin nan da ƙwaƙwalwar duka, har yaro ya manta da numfashi.

Na gane. Na yi gadi rabin rayuwata, na san idan hayaniya ta cika gida mai gadi ba ya jin an taɓa ƙofa.

Yaron yana cikin kwalbar ɗumama bakwaini, an liƙa masa wayar na'ura a ƙafa. Idan numfashinsa ya tsaya, na'urar tana ƙara. Ma'aikatan jinya ba su da yawa, jarirai kuwa ɗaki guda, don haka aka koya mana mu zura hannu ta ƙaramar taga mu shafa tafin ƙafarsa. Matarka zazzaɓi ya kwantar da ita a wani ɗaki, idon mahaifiyarka kuma ka san ba ya gani sosai. Ni ne a kujerar. Na koma gadi.

Ka sa shi a addu'a,
Babanka

*

Ɗana,

Ina gaisuwa. Allah ya sa wannan ta same ka lafiya, kuma da wuri.

Jiya na shafa ƙafarsa bai motsa ba. Na sake, na murza, na kira shi da duk sunayen tsokanar da na laƙaba masa. Sai da ma'aikaciya ta ture ni ta hura masa iska da wata roba. Yanzu inji ke yi masa numfashi ta bututu. An canza magani. Likitar ta ce idan cutar ta lafa hayaniyar za ta kwanta, mai gadinsa ya dawo hayyacinsa. Na tambaye ta ko zai kai lokacin. Ta dube ni, ta ce suna iya ƙoƙarinsu. Ban sake tambaya ba.

Matarka tana tatsar nono a ƙaramin kofi, tana tambayata ko ka samu labari. Mahaifiyarka ta daina wasan maigida.

Ka nemi izinin shugabanku, ya bayar ko bai bayar ba ka biyo direban nan. Kada ka tsaya neman tsaraba. Ina so ɗanka ya ji hannunka yana da rai.

Abu ɗaya: ba sa barin kowa ya zura hannu sai an duba shi har ƙarƙashin farce. Ka yanke farcenka, ka fara dirje hannunka da sabulu tun daga can. Na san baƙin man inji, ba ya fita rana ɗaya.

Allah ya kawo ka lafiya,
Babanka