Ƙurar Tsohon Asibiti Ta Kai Baba Dandamisa

Makarfi,
Jihar Kaduna.

Zuwa ga Yaya Atika,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Yaya Yahya da yara. Yaya ruwan Fatakwal, kuma yaya gwiwar da kika yi wa Inna ƙorafi? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ce. Mu ma duk muna lafiya. Idon Inna ya washe, matata Rahama kuwa jiki ya yi nauyi, sai addu'arki. Masara ta shigo gida, barkono ma ya yi kyau bana. Na roƙi Inna kada ta riga ni ba ki wannan labari a waya, domin ba irin wanda ake bayarwa sabis yana yankewa ba ne. Ki samu wuri ki zauna tukuna.

Kin tuna tsohon asibitin sha-ka-tafi da muka haɗa katanga da shi, wanda jemagu suka gaje? To, gyara shi ake yi, za a mai da shi ɗakin haihuwa. Ranar da aka kafa allon sanarwa, matan layinmu har guɗa suka yi, Rahama ta ce ita ko katanga za ta iya haurawa in naƙuda ta zo. Sai dai farkon aikin bai zo da daɗi ba. Leburorin farko sun hau rufin asbesto da guduma suna farfasawa, wasu na kankare tsohon fenti a bushe. Wata farar ƙura ta riƙa sauka mana a tsakar gida, a kan randa, a kan kuɓewar da Inna ta shanya. Yaran unguwa suka riƙa kwasar gutsattsarin rufin suna jefawa a wuta don su ji ya fashe, manya kuma kowa na neman falle ɗaya ya rufa akurkin kaji. Ni kaina har na ɗauko wa awaki falle biyu.

Ana cikin haka sai Malama Raudatu, duba-garin nan ta ƙaramar hukuma, ta zo ta tsayar da aikin. Ta bi gidajen da ke kewaye tana bayani cewa ƙurar asbesto in ta shiga huhu ba ta fita, kuma sai bayan shekaru take nuna illarta. Tsohon fentin kuma ta ce akwai dalma a cikinsa, irin wadda muka ji labarinta a Zamfara, kuma ƙananan yara ta fi kamawa, tana taɓa musu ƙwaƙwalwa. Ta ce a rufe rijiya da randuna, a daina shara a bushe sai an yayyafa ruwa, a bar takalma a zaure. Yara ƙanana da masu juna biyu kuwa, ta ce gara a ɗauke su gaba ɗaya har a gama. Kin san Baba. Ya saurare ta da mutunci, ya yi mata godiya, da ta fita ya ce shi a gindin wannan rufi ya tsufa, ko tari bai taɓa kwantar da shi ba. Ni kuma na rasa inda zan kai Rahama da yarana, domin gidan su Rahama a Ikara ƙyanda ta kwantar da yara.

Abin da duba-gari ba ta yi ba, Samira ce ta yi shi, 'yar shekara huɗun nan tawa. Baba na kan buzunsa da hantsi yana duba littafi, ta zo ta buɗe masa tafin hannu, ta ce ta kawo masa alewar bango. Ɓawon fenti ne, shuɗi, ta tsinto a gindin katanga. Ta ce zaƙi gare shi, kullum tana sha, har ƙaninta Muktar take sammawa. Yaya, ina tsaye a wurin, ban taɓa ganin fuskar Baba ta canza haka ba. Ya karɓe, ya wanke mata baki da ruwan butarsa da hannunsa, ya ce in ɗauke su zuwa Zariya a auna jininsu a ranar. Na Samira ya fito da sauƙi. Na Muktar an ga dalma kaɗan, saboda kin san shi da cin ƙasa. Likita ta ce bai kai na magani ba, a dai nisanta shi da wurin, a ba shi ƙwai da wake da zogale, a dawo da shi a sake aunawa. Rahama ta sha kuka a mota, ni ma dauriya kawai na yi.

Ga inda nake so ki gyara zama. Da na gaya wa Baba sakamakon, sai ya ce a haɗa kaya, Dandamisa za a tafi, gidan Baffa Maiwada. Na ɗauka kunnena ne. Ke kin fi ni sanin cewa tun rigimar fadamar raken da suka gada, Baba bai sake taka ƙofar ƙanen nasa ba, ko a jana'iza nesa-nesa suke tsayawa. Na ce in fara kiran Baffa a waya, ya ce a'a, shi da kansa zai kai jikokinsa. Ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya zauna gaban a-kori-kura da Muktar a cinya, mu da Inna da tabarmi muna baya.

Mun tarar da Baffa a ƙofar gida yana gyaran injin ban-ruwa. Da ya ɗago ya ga wanda ke saukowa, sai sifana ta faɗi daga hannunsa. Ya taso ko takalmi babu, ya durƙusa har ƙasa ya gai da yayansa. Baba bai yi dogon zance ba. Ya ce ba maganar gona ta kawo shi ba, amana ya kawo, domin ya duba duk duniya bai ga inda zai ajiye yaran nan hankalinsa ya kwanta ba sai nan. Baffa, hawaye na bin gemunsa, ya miƙa hannu ya karɓi Muktar. Ni ina tsaye da buhun kaya a kai, na manta ban sauke ba. Kafin la'asar an yanka zakara biyu, matan gidan sun kwashe Rahama sun hana ta ko ɗaga tsintsiya. Baba da ya ce rakiya kawai zai yi, yau mako na uku ke nan yana can. Da safe su biyu suke zagaya fadamar da ta raba su, suna gardamar irin rake, da yamma kuma mutanen gari na ɗaukar karatu a wurin Baba.

Ni ina nan ina tsaron gida, ina kallon aiki ta kan katanga. An kawo wasu ma'aikata daga Kaduna, sanye da fararen kaya tun daga kai har ƙafa da abin rufe hanci, yaran unguwa na kiran su 'yan sama jannati. Sai sun jiƙa kowane falle kafin su kwance shi, su naɗe a leda mai kauri, mota ta tafi da shi. Sun bi gida-gida sun karɓo wanda aka kwasa, har nawa na awaki. Sun kuma kankare ƙasar gindin katangarmu suka zuba sabuwa. Jiya aka fara ɗora sabon kwano. An sake auna Muktar, abin ya fara sauka, alhamdu lillahi, kuma ya yi ƙiba ya yi baƙi wajen bin awaki.

Ki gai da Yaya Yahya da kyau, da su Mu'awiyya da Hussaina da Sadiya. Inna da Rahama suna gaishe ki, haka mutanen Dandamisa baki ɗaya. Baffa kuma ya ba ni saƙo na musamman. Bayan ƙaramar salla za a ɗaura auren 'yarsa Jamila, ta gama karatun ungozoma, kuma ya ce ba shi zai ba da ita ba tunda yayansa na raye, Baba ne waliyyi. Ya ce in gaya miki ke ce babbar 'ya a gidajen biyu, ba za a sa lalle ba sai kin iso. Saboda haka ki fara lallashin Yaya Yahya tun yanzu.

Allah ya sada mu da alheri. Wassalam.

Ni ne ƙanenki,
Zainulabidin