Ƙahon da Na Yi wa Yayana

Zuwa ga babban likitan ɗakin masu ciwon ƙirji, a asibitin da kunka kwantar da yayana a Yamai.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, da fatan iyali suna lafiya. Ni ne Idi wanzami, ƙanen Abdu, dogon mutumen nan na ƙasar Kurfai da ka ce sankara ta kama mishi huhu. Mun binne shi kwana tara bayan kun sallame mu. Hannuna ya kashe shi, amma ba ni kaɗai ba.

Na farko. Cikin farin ga da bai bar muna ko zangarniya ba, saniyarmu ta ƙarshe munka kai kasuwar Baleyara munka sayar don mu kawo shi gare ku. Da ƙafarshi ta hagu ta kumbura, kun ce jini ya daskare cikin jijiya. Kun yi mishi allurai, kun ba mu ƙwayoyi ya dinga sha a gida. Wannan na yaba, ba ni ɓoyewa.

Na biyu. Babu wanda ya gaya muna da Hausa cewa ƙwayoyin ga tsinka jini suke, har in an yanki mutum jinin ba ya tsayawa. An rubuta a takarda da Faransanci. Sai bayan rasuwa majo, malamin asibitin Filinge, ya karanta mini ita, ya dafe kai.

Na uku, kuma shi ke hana ni cin tuwo. Likita, kai ba baƙo ba ne. Da harshenmu ka gaishe mu, ka ce kai ma Bakurfaye ne, mu kwantar da hankali. Tsagen da ke fuskarka askar wanzami ta yi shi. Ka san sarai abin da mutanenmu ke yi wa kumburarriyar ƙafa. Ka ma tambayi sana'ata, na faɗa, ka yi dariya ka ce ashe abokin aiki ne. In da Bature ne ya yi shiru, wallahi da na haƙura.

Da munka koma gida ƙafar ba ta gama sacewa ba. Wata rana da hantsi Abdu ya ce in zuƙe mishi mataccen jinin, kamar yadda na saba yi mishi tun muna samari. Ƙaho huɗu na kafa. Na sa toka, na ɗaure da rawanina, jinin ya ƙi tsayawa. Munka ɗora shi bisa amalanke, bai kai Filinge ba.

Yanzu garinmu ana cewa na zurfafa aska. Matarshi ta hana 'ya'yanta shiga gidana.

Ga roƙona. Ka aiko da takarda da Hausa, a karanta ta ƙofar maigari, ka faɗi abin da maganin ke yi, ka faɗi cewa ba a gaya muna ba. Kuma duk wanda za ku ba ƙwayoyin nan, a ce mishi da baki: ban da ƙaho, ban da tsaga, ban da cire haƙori.

Ba ni neman a hore ka. So nike 'ya'yan Abdu su san baffansu bai san abin da ke cikin jinin ubansu ba, kai ka sani.

Allah shi tsare ka da ganin jinin ɗan'uwanka a hannunka, shi yi wa aikinka albarka.

Wassalam.

Idi Wanzami, ƙasar Kurfai.