Na ce a sa ta a addu'a, sai aka sa ta a horo

Salama gare ku, 'yan'uwa. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kada ku yi mini hukunci, wanda zuciyata take yi mini ya ishe ni.

Ni Kirista ce a Katsina, mijina dattijon ikilisiya ne. A zumuntar matanmu akwai wata gwauruwa, bari in kira ta Maman Talatu, tana sayar da kayan miya a Babbar Kasuwa. Da zaɓen shugabar zumuntar ya matso, sai na ji mata ba su da zance sai nata. Kishi ya kama ni, don ni ma ina son kujerar. Wata rana na hange ta tana fitowa daga gidan wani malami a Ƙofar Marusa da kwano a hannu. Da aka zo roƙon addu'a a taron 'yan kwamitinmu, ita ba ta nan, na miƙe, na marairaice murya, na ce, "Mu sa 'yar'uwarmu a addu'a, na gan ta da idona ta fito daga wurin malami da ƙullin magani." Ƙulli fa na ce! Kwano na gani, ina na samo ƙulli? Mu nan ba ma gulma, sai dai mu ce a yi addu'a.

Maganar ta kai ga dattawa, har da mijina a zaman. Aka sa ta a horo: bencin baya, ba waƙa, ba cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake raba wa masu bi a coci. Ni kuma na zama shugaba. Daga baya na ji gaskiya: mahaifiyar malamin ce ke kwance, Hajiyar da ta riƙe Maman Talatu lokacin rasuwar mijinta, kunu take kai mata. Ta faɗa wa dattawa haka, suka ce a tsakaninsu matar dattijo ba za ta yi ƙarya ba.

Tun daga nan ban huta ba. Fasto na cewa kowa ya binciki zuciyarsa kafin ya karɓi Jibi, ina ji, amma ina karɓa. Mutane sun yarda da ni, to Allah fa? Ba yana wurin ba lokacin da kwano ya zama ƙulli a bakina? Me zan ce masa ranar shari'a? Na yi azumi, na yi kuka, amma duk Lahadi in na waiwaya tana nan a baya, kanta a sunkuye. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Jiya a kasuwa ta kama hannuna ta ce, "Mama, dattawa ba su faɗa mini wadda ta kai ni ba, na bar ta da Allah. Ke dai ki ci gaba da sa ni a addu'a." Har ta ƙara mini tattasai.

In na yi magana, mutuncin mijina ya zube tare da nawa. In na yi shiru, Lahadin nan akwai Jibi, kuma ni ce zan jera ƙoƙunan da ba za ta taɓa ba. Me zan yi?