Kankanar da Ta Hana Surukata Jika

Gwaggo Nhan, ki taimake ni kafin surukata ta kashe mana gona.

Mijina Khiem kankana yake nomawa a nan Long An, irin marar 'ya'yan nan da 'yan birni ke rububi, da ita muke ci muke sha. Shekara uku da aurenmu, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Bara da bikin Tet na sabuwar shekara muka ɗora kankana mafi girma a teburin da ake girmama kakannin da suka rasu. Aka yanka, ja wur, kowa na murna shekara za ta yi kyau, sai Inna, uwar Khiem, ta leƙa ciki ta dafe ƙirji. Wai mun kai wa kakanni abin da ba ya haihuwa, su ma sun rama.

Tun ranar take ɗura min soyayyun 'ya'yan kankana safe da yamma, har haƙorina ya ɓantare. Ta cusa wasu a matashina, ɓeraye suka tare a gadonmu. Khiem kuwa sai dariya. Kullum da safe yana gona yana goga wannan fure a kan wancan, ita kuma tana yi masa gori wai ya iya aurar da furanni, nasa gidan shiru. Yanzu ta rantse za ta kora baunar da maƙwabta ke huɗa da ita cikin gonar kafin Tet. A gaban mutane dariya nake yi, amma in na shiga ɗaki kuka nake, kankanar ma na daina sha. Gwaggo, anya ba gaskiyarta ba ce?

Mai Ɓantararren Haƙori

'Yata, sha kankanarki. A cikin kowace ƙwayar halitta akwai wasu zarurruka da ke ɗauke da gado, ana ce musu kromosom. Ke da Khiem jeri biyu gare ku, ɗaya na uwa, ɗaya na uba. Kankanarku uku gare ta. Wajen girma ba ta da matsala, don ƙwaya kwafin komai take yi kafin ta rabu biyu. Wajen yin iri ne dole a raba gadon daidai, ke kuwa gwada raba tsinken cin abinci uku tsakanin mutum biyu ki gani. Matsalarta ce ita kaɗai, ba ta bin mutum ciki. Tun kina goye kike cin shinkafa, kin taɓa tsira?

Amma kada ki riƙe Inna a zuciya. Jika take so, ta rasa wanda za ta kama sai kankana. Tambayi Khiem, ai dole akwai kunyar kankana mai 'ya'ya a gonar, don daga ita yake tsinko furen da yake gogawa. Ki kai Inna ta zaɓi guda da hannunta, a ɗora wa kakanni, bauna ta zauna gida.

Bayan biki ku je asibiti ku biyu. Idan Khiem ya ce shi lafiyarsa ƙalau, ki tuna masa abin da ke kai shi gona da sassafe: ya fi kowa sanin fure ɗaya ba ya yin kankana.

Ina yi muku fatan shekara mai albarka. Ki zazzage matashin nan yau.

Gwaggo Nhan