Tarar da Aka Ci Mamaci

Litinin, 3 ga Maris

Ina tsakiyar guga duba-gari suka shigo shago, su biyu. Wai ruwan wankinmu yana malala a titi, don haka an ci mu tara. Na fito da su na nuna musu kwatar. Tun bara da aka gyara titin masu aikin suka cike ta da ƙasa da tsakuwa, ruwa ba shi da hanyar bi. Babban cikinsu ya ce shi ruwa aka aiko shi dubawa, ba kwata ba. Suka manna takarda a ƙofa suka yi gaba.

Sunan Baban yara ne a jiki. Mutumin da ko shekara bai yi a ƙasa ba.

Laraba, 5 ga Maris

Maƙwabcinmu mai walda ya karanta mini ƙananan rubutun da ke bayan takardar, ni idona ba ya kama su. Ashe ba tarar kaɗai ba ce. Akwai kuɗin lasisi da kuɗin shara da suka taru tun lokacin jinya, kuma duk wata sai an ɗora wani abu a kai. Kuɗin shara fa. Rabon da motar shara ta leƙo layin nan har na manta kalarta.

Ya ce an ba da dama a kai koke kafin wata ya ƙare. In je, in ji shi, ai ba a ɗaure mutum don ya kai kuka.

Juma'a, 7 ga Maris

Na je ofishin ƙaramar hukuma. Benci uku, mutane sun fi ƙarfinsu, fanka tana juyi kamar ba ta so. Da layi ya zo kaina, matar da ke taga ta duba takardar ta ce mai sunan ne kawai zai iya shigar da koke, da kansa. Na ce ya rasu. Ta ajiye biro ta yi masa addu'a, kuma na ga har ranta ta yi. Ta ce to sai an mayar da shagon sunana, in je tagar ƙarshe.

Na tagar ƙarshe ya ce ba a canja suna sai an biya duk abin da ake bin tsohon sunan, har da tarar. Na ce, “To in na biya, koken me zan yi?” Ya ce in na yi nasara za a mayar mini da kuɗina. Wani dattijo da ke bayana ya yi dariya har da tari.

Na dawo a ƙafa, don in samu lokacin yin kuka kafin in iso wurin yara.

Talata, 11 ga Maris

Baya ya riƙe. Ban je ko'ina ba.

Alhamis, 13 ga Maris

Yaya, wan Baban yara, ya zo. Na ɗauka da wani abu ya zo. Ya zauna ya sha ruwa, ya ba ni labarin yadda tun da daɗewa ya ce wa ƙaninsa ya bar wankin nan ya nemi sana'ar kirki. Daga ƙarshe ya rage murya ya ce in ɗan ga mutanen nan, su ma iyali gare su. Da me zan gan su? Da sitati?

Ya raba wa yara alawa ya tafi. Allah ya saka.

Talata, 18 ga Maris

Na koma. Matar tagar nan ta gane ni. Ta yi kamar tana gyara takardu, ta ce mini a hankali in kawo shaidar mutuwa daga asibiti, in rubuta wa shugaban kwamitin koke kai tsaye a matsayina na matar mamaci, kada in sake bi ta taga. Babbar 'yata ce ta rubuta, rubutunta ya fi nawa kyau. An karɓa, an buga hatimi.

Ba na so in sa rai. Amma na saya wa yara lemo a hanya.

Litinin, 24 ga Maris

Shiru. Yanzu da bokiti nake kwashe ruwan wanki, in kai kangon da ke bayan layi in zubar. Titi a bushe yake ƙarau, ba wanda ya zo ya gani. Kafaɗuna kamar ba nawa ba.

Laraba, 2 ga Afrilu

Sun rufe shago.

Wasu ne daban, daga sashen haraji. Na nuna musu hatimin, suka ce wannan maganar kwamiti ce, su ba a gaya musu komai ba. Na roƙe su in fitar da kayan mutane, suka ce duk abin da ke ciki yana hannun hukuma. Akwai kaya jiƙe a baho. Leshin matar mai kemis yana ciki, wanda ta ja mini kunne a kansa sau ba adadi.

Mai walda ya fito da abin yankan ƙarfe a hannu, na ce ya rufa mini asiri ya koma. Na tsaya ina kallon kwaɗon. Sabo ne, ya fi wanda nake kullewa da shi kyau.

Alhamis, 10 ga Afrilu

An zauna kan kokena. Mutum uku a bayan tebur, ɗaya tun da na shiga yake kan waya. Ba kujerar mai koke, a tsaye na yi bayani. Na miƙa hotunan kwatar da 'yata ta ɗauka. Shugaban ya duba sosai, ya ce gaskiya a toshe take, amma kwata ta sashen ayyuka ce, su abin da ke gabansu ruwa a titi ne.

Ta gefensa ta tambaye ni me ya hana mai shagon ya kawo ƙarar kwatar tun bara. Na ce, “Yana kwance a asibiti, ranki ya daɗe, ko cokali ba ya iya ɗagawa.” Mai wayar ma ya ɗago.

Za su rubuto.

Talata, 22 ga Afrilu

Sun rubuto. An rage rabin tarar “saboda tausayi”. Kuɗin shara da na lasisi suna nan daram, an ƙara na wannan watan, sannan ga kuɗin buɗe kwaɗo. Da na haɗa sai na ga inda na baro nan na dawo.

In ban gamsu ba, in ɗaukaka ƙara zuwa babban kwamiti. Na cike takardar, ban ma san dalili ba. Sun sa 19 ga Mayu.

Mai ginin ya aiko a tuna mini da haya. Shago a kulle, haya tana tafiya.

Asabar, 26 ga Afrilu

Jiya, bayan roƙo da jeka-ka-dawo, an buɗe mini in kwashe kayan mutane kawai, ma'aikaci yana tsaye a kaina. Warin da ya tarbe ni ba zan iya rubuta shi ba. Komai ya yi funfuna. Leshin ya yi baƙi-baƙi, na wanke shi har hannuna ya saɓule, bai fita ba.

Matar mai kemis ba ta yi faɗa ba. Ta ɗaga shi ta duba, ta ninke, ta ce in gai da yara. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na sayar da 'yan kunnena na aika mata kuɗin, ba ta dawo da su ba, ban kuma ga laifinta ba.

Talata, 6 ga Mayu

Na fara aiki a ɗakin wankin wani otal. Zanen gado da tawul, daga safe zuwa la'asar, a biya ka ƙarshen mako. Na ce wa yara na ɗan lokaci ne, kafin a buɗe shagon babansu. Ƙaramin ya yarda. Babbar ta ci gaba da wanke kwanoni ba ta juyo ba.

Litinin, 19 ga Mayu

Yau ce ranar. Na nemi izini a wurin aiki, na sa kayana masu kyau, na ɗauki takardu. Motar da ke zuwa ofishin ta tsaya a gabana, da wuri a ciki. Na bar ta ta wuce. Ta biyu ma haka.

Gidan mai ginin na nufa. Na ce ya nemi wani ya ba shi shagon, injin wankin da ke ciki su sasanta da hukuma, kowa ya ɗauki nasa. Ya yi ta ba ni haƙuri, kamar ni na ce raina ya ɓaci.

Babbar ta tambaye ni yadda aka yi. Na ce an gama. Ta ce, “Mama, mun ci ko an ci mu?” Na ce ta zubo mini abinci.

Na cinye, na ce ta ƙaro. Na kwanta da rana tsaka na yi barci har ƙaramin ya tashe ni don sallah. Gajiya ce kawai, ina jin. Allah ya ji ƙanka, Baban yara. Shagon naka ne, na riƙe iya ƙarfina. Gobe da sassafe zan fita, akwai zannuwa da yawa.